Rubutun yayanki bai ɓace duka ba, amma a fara da wayarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Kaduna. Yayana ya rasu wata uku da suka wuce. Tun wajen 2009 yake rubutu a intanet kan tarihin unguwannin Kaduna, da masaƙun Kakuri inda mahaifinmu ya yi aiki, da tsofaffin 'yan reluwe. Wasu ya sa a wani shafi da yanzu ba ya buɗewa, wasu a Facebook, wasu kuma ya riƙa tura wa mutane ta WhatsApp. Wayarsa tana hannun matarsa, ba a taɓa ta ba tun rasuwar. Muna so mu tattara mu buga littafi. Akwai sauran fata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya kai haske kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashi, ke da uwargidansa da yara.

Akwai fata, ƙanwata, kuma mai yawa. Sai dai na lura hankalinki ya fi tafiya ga shafin nan da ya daina buɗewa, domin shi ne ya fi yi miki ciwo. Ki bar shi tukuna. Duk abin da ya tsira daga wannan shafin ya riga ya tsira, zai jira ki ko da shekara ce. Abin da yake zubewa a kullum, yanzu haka da nake rubuta miki, shi ne wayar da ke ajiye a ɗaki da layin da ke cikinta.

Ga dalili. Kusan duk wani asusu da marigayi ya buɗe, imel ne, Facebook ne, WhatsApp ne, ƙofarsa tana rataye da lambar wayarsa, domin can ake turo lambar tabbatarwa. Layin da aka daɗe ba a saka masa kati ba, ba a yi kira da shi ba, kamfani yana toshe shi, daga baya ya sayar wa wani. Idan haka ta faru, wani baƙo a Fatakwal ko Ibadan ne zai riƙa karɓar saƙonnin da ake buɗe asusun yayanki da su. Dawo da layin kuma wahala ne, tunda an ɗaure shi da lambar NIN ta wanda ba ya duniya. WhatsApp a nasu ɓangaren sun bayyana cewa asusun da ya kwana 120 bai hau intanet ba suna goge shi, ku kuwa kun riga kun ci wata uku. Google sun fi sassauci, shekara biyu suke bayarwa, kuma tun Disambar 2023 suka fara goge asusun da aka yi watsi da su.

Saboda haka a cikin makon nan a yi wa wayar caji, a saka wa layin kati, a yi kira ko na minti ɗaya ne, a kunna data a buɗe WhatsApp. Shi ke nan na yanzu. Na san uwargida tana cikin takaba, kuma ba lokacin da za a zauna da ita ana bincike a wayar mijinta ba ne. Ki roƙe ta wannan ɗan abin kawai, ko ita ta yi da hannunta, sauran aikin ya jira ta fita. Idan wayar tana da makulli kuma ba wanda ya san lambar, kada a yi ta gwadawa bisa ka, wasu wayoyin suna kulle kansu gaba ɗaya, wasu ma su goge abin da ke ciki. Mafi hatsari shi ne a kai ta kasuwa wajen mai gyara a ce ya buɗe. Hanyar da yawancinsu suka sani ita ce filashin, wato a wanke wayar tas ta dawo kamar sabuwa. Zai miƙo miki waya mai aiki, babu komai a cikinta. A fara tambayar yara, sau da yawa sun san lambar babansu fiye da kowa.

Idan lokaci ya yi, a zauna da uwargida da babban namiji cikin magada, a yi magana a fili: rubutun da ya yi wa jama'a ake nema, ba sirrinsa ba. Wayar mutum tana ɗauke da hirarsa da iyalinsa, da bashin da ke tsakaninsa da mutane, da amanar wasu da suke raye. Wanda zai yi aikin ya zama mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi, kuma abin da idonsa ya gani wanda ba na jama'a ba, ya bar shi a inda ya gan shi.

A cikin wayar, kada a tsaya ga WhatsApp kaɗai. Marubuta da yawa sukan fara rubutu a manhajar ajiye bayanai ta waya, ko su tura wa kansu ta imel kafin su saki. A duba akwatin saƙonnin da ya aika a imel ɗinsa, can ake yawan tsintar asalin rubutu da kwanan watansa. A duba memori, a duba foldar takardu, a duba sautukan da ya naɗa. A WhatsApp, kowace hira ana iya fitar da ita ta zama fayil na rubutu, amma akwai iyaka: saƙonni 40,000 na baya-bayan nan idan babu hotuna, 10,000 idan da hotuna da sauti. Don haka a fitar sau biyu, da kaya da babu kaya, sannan a haɗa wayar da kwamfuta a kwashe foldar hotuna da sautuka daban. Ajiyar da WhatsApp ke yi a Google Drive ba abin dogaro ba ce a nan, domin ba a iya buɗe ta a karanta, ana iya mayar da ita cikin WhatsApp ne kawai da wannan lambar.

Sai Facebook. A cikin saitin kowane asusu akwai wurin da mai asusu ke neman kwafin duk abin da ya taɓa sakawa. Ana zaɓar tsawon lokaci, sai a zaɓi tun daga farko. Ana zaɓar siga, HTML ko JSON, ni nakan ce a karɓi duka biyun: na farko mutum ke karantawa, na biyu kwamfuta ke tacewa idan rubutun ya kai dubbai. Ya kamata ki sani cewa a ƙa'idar kamfanin ba a shiga asusun wani. Hanyar da suka tanada tun 2015 ita ce mutum ya naɗa wakili tun yana raye, kuma wakilin yana iya sauke kwafi idan mai asusun ya ba da wannan izni. Ƙalilan ne a cikinmu suka yi haka. Abin da nake so ki kiyaye shi ne wannan: da zarar wani ya sanar da kamfanin rasuwar suka mayar da asusun na tunawa da mamaci, ba wanda zai sake shiga, ko da yana da kalmar sirri. Rubutun zai ci gaba da bayyana ga waɗanda dama suke ganinsa, amma ƙofa ta rufu. Idan kuwa wani ɗan uwa ya nemi a goge asusun, kamar yadda wasu ke yi da kyakkyawar niyya don kada hotunan mamaci su riƙa yawo, to komai ya tafi. Ki sanar da dangi da abokansa su dakata da duka biyun har a gama tattarawa.

Ko ba a shiga asusun ba, ana iya aikin daga naki ko na wani abokinsa. A hau kwamfuta, ba waya ba, a tace rubutunsa shekara-shekara, a buɗe kowane ɗaya har ƙarshensa, a ajiye shi a sigar PDF, sannan a kwafi rubutun zalla daban. Ɗaukar hoton fuskar waya shi ne abin da mutane suka saba, kuma ya fi babu, amma hoto ba a iya bincika kalma a cikinsa cikin sauƙi, yakan yanke kwanan wata, kuma duk lokacin da aka tura shi yana ƙara dusashewa. A haɗa da gyare-gyaren da dattawa suka yi masa a ƙasan rubutun. Mai rubutu kan tarihin Kakuri, idan tsohon ma'aikacin masaƙa ya ce masa "ba haka aka yi ba, ina wurin," wannan gyaran yakan fi muƙalar kanta daraja. Abu biyu za su iya ba ki wahala. Dogayen rubutun da aka yi a sashen Notes, kamfanin ya rufe sashen a ƙarshen Oktoban 2020, sai an bi ta tarihin ayyukan asusun ko ta tsohon adireshinsu ake ganinsu. Bidiyon kai-tsaye kuma, tun Fabrairun 2025 kwana 30 kawai suke ajiye shi, tsofaffin ma sun bi su sun cire. Idan ya taɓa hira da wani dattijo ta wannan hanyar, sai dai a nema a wajen wanda ya sauke.

Yanzu mu koma ga shafin da ya mutu. Mutane suna ɗauka abin da aka sa a intanet ya zauna ke nan har abada, alhali kowane shafi haya yake zaune. Sunansa ana biya duk shekara, kwamfutar da ke ɗauke da shi ana biya. Ranar da mai shi ya gaji, ko dala ta fi ƙarfinsa, ko ya rasu, sai a rufe. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Yahoo sun rufe GeoCities a Oktoban 2009 da miliyoyin shafukan mutane. Google+ ya tafi a Afrilun 2019, BBM da matasanmu suka yi yayi ya bi shi a ƙarshen Mayun 2019. A 2019 ɗin dai MySpace suka amsa cewa waƙoƙi kimanin miliyan 50 da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya kwamfutocinsu. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma rubutun Hausa ya fi kowa zama a aro, domin mafi yawansa a shafukan ɗaiɗaikun mutane yake, waɗanda ba su da wata hukuma a bayansu.

Abin da ya rage mana shi ne Internet Archive, wata ƙungiya mai zaman kanta a San Francisco da Brewster Kahle ya kafa a 1996. Tun daga lokacin na'urorinsu ke yawo suna ɗaukar kwafin shafuka, kuma a 2001 suka buɗe wa jama'a ƙofar dubawa mai suna Wayback Machine. Kyauta ne, ba sai an yi rajista ba. Amma ba kamar Google ba ne da za ki rubuta sunan yayanki ya fito. Adireshi yake so. Don haka aikinki na farko shi ne gano ainihin adireshin shafin, kuma wurin da ya fi sauƙin samunsa shi ne tsofaffin saƙonnin marigayi, domin marubuci ba ya sakin rubutu bai tura wa abokai adireshinsa ba. Ki tara duk wanda kika gani, ko da ba ya buɗewa. Kowane ɗaya mabuɗi ne.

Idan kin saka adireshi, kalanda za ta fito da ɗige-ɗige a ranakun da aka ɗauki kwafi. Shuɗin ɗigo shi ake so. Kore yana nufin an karkatar da mai ziyara zuwa wani wuri, ruwan lemo da ja kuma suna nufin an tarar da matsala a ranar. Kada ki fara da shekarun ƙarshe, lokacin shafin ya riga ya mutu ko wani ya saye sunan ya cika shi da talla. Ki koma shekarun da yake da rai, ki gwada ranaku daban-daban, domin abin da babu a kwafin Maris yana iya kasancewa a na Agusta. Akwai kuma wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba: idan aka sa alamar tauraro a ƙarshen adireshin, ko aka taɓa inda aka rubuta URLs, zai jero duk shafukan da ya taɓa ɗauka a ƙarƙashin wannan sunan, kuma akwai ɗan akwatin tacewa inda za ki rubuta kalma kamar kakuri ko kaduna ki ga abin da zai rage. A nan ake tsintar muƙalun da babu wata hanya da ke kaiwa gare su.

Kada ki sa rai da yawa ga hotuna, sau da yawa rubutu yake ɗauka ya bar hoto. Duk abin da sai an shiga da kalmar sirri ake gani, bai ɗauka ba, shi ya sa ba ya da amfani sosai ga Facebook. Ƙananan shafukan Hausa kuma ba kullum na'urorin ke ziyartarsu ba, wani sau uku kacal aka ɗauke shi a rayuwarsa. Ki gwada archive.today, shi ma yana ajiye kwafin da mutane suka ɗauka da hannunsu. Idan wani ya ce miki ki duba ajiyar kwafin shafuka ta Google, wato cache, wannan ta wuce, sun cire ta a 2024.

Sannan ki nemi rubutun da jimlarsa, ba da sunansa ba. Ki ɗauki jimla guda da kika tabbata tasa ce, ki sa ta tsakanin alamun zance a Google. A duniyar rubutun Hausa kwafe aikin wani a liƙa ba tare da suna ba ya zama ruwan dare. Ɗabi'a ce mara kyau, kuma ba na yabonta, amma a irin aikinki wani lokaci kwafin ɓarawon rubutu ne kaɗai ya rage. Ki gwada jimlar ta fuskoki da yawa, domin a shekarun da ya fara rubutu wayoyi ba su da haruffa masu lanƙwasa: wani ya rubuta kasa, wani k'asa, wani qasa. Na'urar bincike ba kullum take gane abu ɗaya ba ne.

Kada kuma a manta da mai shafin. Ki nemi sunansa a tsohon kwafin, yawanci yana ƙasan shafi ko a sashen tuntuɓa. Mutanen da suka kafa irin waɗannan shafuka da kuɗin aljihunsu sukan ajiye kwafin komai a tsohuwar kwamfuta, kuma babu abin da ke faranta musu rai kamar a zo ana tambaya. Fayil ɗaya daga hannunsa zai iya fin aikin wata shida na tsince-tsince. Haka abokan marigayi: ki rubuta gajeren saƙo ki roƙi duk wanda yake da rubutunsa ya turo, tare da faɗin yaushe ya samu kuma ta ina. Idan ya taɓa aika wa jaridu kamar Aminiya ko Leadership Hausa, a duba can ma.

Wannan "yaushe kuma ta ina" shi ne inda nake so mu daɗe, domin a nan masu tattarawa suke asarar rabin wahalarsu. Idan kika je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon a nan Kaduna, za ki ga kowane fayil yana da lamba da ke faɗin daga ofishin da ya fito: SNP na sakatariyar lardunan Arewa, ZARPROF na lardin Zazzau, KANOPROF na lardin Kano. Wannan lambar ce ta sa mai bincike zai iya kafa hujja da takardar da ta shekara ɗari. Takardar da aka zare daga fayil ɗinta, babu kwanan wata, babu sa hannu, ta zama jita-jita ko da gaskiya ce a ciki. Rubutun intanet ya fi takarda saurin rasa asalinsa. Muƙala takan bi hannu goma a WhatsApp, wannan ya cire sunan marubuci, wancan ya ƙara sakin layi nasa, wani ya canja shekara bisa kuskure. Bayan shekara biyar ba wanda zai iya rantsuwa a kan wace ce ta asali.

Don haka ki buɗe rajista tun daga rubutu na farko, a Excel ko ma a babban littafi mai layi. Kowane rubutu ya samu lamba, da take, da ranar da ya fara fita, da inda aka samo shi, da cikakken adireshi idan akwai, da ranar da kika ɗauko, da sunan wanda ya ba ki. Ki ƙara gurbi guda na tabbaci: wannan daga asusunsa ya fito, wannan wani ne ya ce nasa ne. Kada ki ji nauyin rubuta "ana shakka." Littafin da ya jingina wa mamaci maganar da bai faɗa ba zalunci ne a kansa, kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2012-03-15, sai gajeren take. Da haka kwamfuta da kanta za ta jera su bisa tarihi, ki ga yadda tunaninsa ya riƙa sauyawa.

Idan kika samu rubutu ɗaya ta siga biyu ko uku, ki ajiye duka. Kuma ki ware folda guda ta asali wadda ba a taɓa ta: ba gyaran ƙa'idar rubutu, ba saka lanƙwasa, ba cire kuskure. Malamar makaranta hannunta yana ƙaiƙayin gyara, na sani, amma gyara a kan kwafi ake yi. Ranar da wani ya ce kun sauya maganar marigayi, wannan foldar ce shaidarku.

Game da siga, rubutu zalla a fayil na TXT shi ne ya fi daɗewa, kowace kwamfuta tana buɗe shi. A ajiye shi da tsarin haruffa na UTF-8, wanda ake zaɓa wajen ajiye fayil, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamun tambaya. Idan kika ci karo da tsoffin fayilolin Word inda haruffa suka rikice, kada ki yar. Kafin tsarin Unicode, wanda ya sa kwamfutoci ke gane haruffan harsuna daban-daban, ya yaɗu, masu buga Hausa suna amfani da wasu haruffa na musamman da ake ɗora wa kwamfuta, idan babu su sai wata alama ta fito a gurbin ƙ. Da zarar an gane wace alama ce ke wakiltar wane harafi, ana musanya su gaba ɗaya cikin mintuna. Don adana kamannin shafi kuma, PDF/A aka tanada, wani nau'in PDF ne da aka fitar da ƙa'idarsa a 2005 musamman don doguwar ajiya.

Inda za a ajiye, ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani gida daban. Misali ɗaya a kwamfutarki, ɗaya a faifan ajiya na waje da ke gidan wani ɗan uwa a Zariya ko Rigasa, ɗaya a intanet. Filashi na jigila ne, bai dace da ajiya ba: idan ya daɗe ba a jona shi ba yana iya zubar da abin da ke ciki, zafin bazara na ƙara masa lalacewa, kasuwa kuma cike take da na jabu masu nuna girman da ba su da shi. Duk shekara a ware rana a buɗe kowane kwafi a tabbatar yana aiki, duk bayan 'yan shekaru a sauya faifan. Abin da kuka yarda jama'a su gani, ana iya ɗora shi kyauta a Internet Archive ɗin, kuma duk shafin da har yanzu yake da rai mai ɗauke da rubutunsa, ki saka adireshinsa a sashen Save Page Now na Wayback Machine a ɗauki kwafinsa nan take. Amma su ma kada su zama su kaɗai. A Oktoban 2024 masu kutse sun kai musu hari, aka saci bayanan asusu miliyan 31, shafin ya yi kwanaki a rufe.

Ni kam ina cikin masu cewa a buga a takarda, tun kafin a kai ga littafi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, kuma har yau mai bincike yana iya zama ya karanta fitowarta ta shekarun farko, alhali muƙalar 2013 ta gagare mu. A buga da firinta mai amfani da garin tawada, ba mai ruwa ba, don ta ruwa tana zuba idan danshi ya taɓa ta. Kada a liƙe da leda mai zafi, kada a sa salatif, kada a bar ƙarfen maƙala ya yi tsatsa a jiki. A sa a kwali, a ɗaga daga ƙasa, a nisanta da bango saboda gara da danshin damina. Idan an kammala, ki kai kwafi Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda tun 1970 yake cibiyar adana tarihi da bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ki tambaye su sharuɗɗansu na karɓar takardun mutum. Littafin kuma idan ya fito, doka ta ɗora wa mai bugawa ya ba Ɗakin Karatu na Ƙasa kwafi uku, kuma a wurinsu ake karɓar ISBN, wato lambar shaidar littafi. Kada a ɗauki wannan a matsayin wahala, hanya ce ta sa littafin ya rayu bayan an sayar da na kasuwa.

Sai maganar haƙƙi. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, rubutun mutum yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato ya shiga cikin abin da ya bari ga magada. A yi yarjejeniya a rubuce tun yanzu kan wa ke da izinin bugawa da inda kuɗin zai tafi, musamman da yake akwai marayu. Maganganun wasu da za ku saka, a nemi izninsu.

Akwai kuma abin da ya shafi garinmu. Wanda ya rubuta tarihin unguwannin Kaduna ba zai kauce wa rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 ba, shekarun da suka raba maƙwabta suka sauya wa mutane mazauni tsakanin wannan gefen kogi da wancan. Wataƙila za ki tarar da rubutun da ya yi cikin zafin rai, ko wanda ya ambaci sunayen mutanen da suke raye. Ajiyewa daban, bugawa daban. Ki ajiye komai, kada ki goge ko layi ɗaya, domin mai binciken da zai zo bayan shekara hamsin yana buƙatar sanin yadda mutane suka ji a lokacin. Amma abin da zai shiga littafi, ku zauna ku tace, ku tambayi kanku ko shi da kansa zai yarda a buga shi yau. Ma'ajiyoyin tarihi suna karɓar takardu da sharaɗin kada a buɗe wani sashe sai bayan wasu shekaru, kuna iya neman haka.

Na bar sautuka zuwa ƙarshe da gangan, don ina zaton su ne mafi tsada a cikin wayar nan. An buɗe masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited da ke Kakuri, a 1957. Waɗanda suka shige ta suna samari, da 'yan reluwen da suka ga zamanin jirgin gawayi, yau ƙalilan ne suka rage. Idan yayanki ya zauna da su ya naɗi muryarsu kafin ya rubuta muƙala, to muƙalar ta ɗauki kaɗan ne daga abin da suka faɗa, sauran yana cikin sautin. A kwashe su yadda suke ta hanyar haɗa wayar da kwamfuta, kada a tura ta WhatsApp don yana rage ingancinsu. A saurari kowanne, a rubuta sunan mai magana da unguwarsa da ranar hira tun akwai masu gane muryar, sannan a rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma, da karin harshensa, ba tare da mayar da shi daidaitacciyar Hausa ba. Iyalan waɗannan dattawa su ma a kai musu kwafi, haƙƙinsu ne, wasunsu ba su da muryar mahaifinsu a ko'ina.

Idan kin samo adireshin tsohon shafin, ko da guda ɗaya ne daga cikin saƙonninsa, ki turo mini in duba shekarun da aka ɗauki kwafinsa, in gaya miki ta inda za ki fara.